Filin Tambaya da Amsa: Jel Ɗin DNA da Ke Narkewa Kafin a Ɗauki Hoto

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a fannin sinadaran jikin halittu. Aikina rainon ƙwayoyin sel na kansar mama a cikin haidirojel ɗin DNA, don in riƙa ɗaukar hotonsu da maikuroskof suna dunƙulewa. Na yi odar gajerun zaruruwan DNA, na haɗa masu siffar Y da waɗanda ke sada su, jel ya kama lafiya lau, ko na kife tub ɗin ba ya zuba. Amma da na zuba ruwan raino na sa a inkubeta, kafin kwana biyu ya koma ruwa, sel duk sun kwanta a gindin faranti. Malamin da ke duba aikina ya ce in ninka yawan DNA, kuɗin kuwa babu. Me ake yi a ƙarfafa irin wannan jel?

Daga wata ɗaliba, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki sayi ko ɗigon DNA tukuna. Da girmamawa ga malaminki, ninka yawa shi ne magani mafi tsada, kuma idan abin da nake zato ne ke faruwa, za ki ninka asara ne kawai.

Bari in ɗan jawo sauran masu karatu kusa, don su san inda muka dosa. Haidirojel raga ce ta dogayen zaruruwan sinadari da ta riƙe ruwa mai yawa, sau da dama fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinta. Wanda ya taɓa barin romon ƙafar sa ya kwana ya tarar ya daskare ya ga irinsa da ido: kolajin ɗin da ya fito daga jijiya ne ya saƙa raga ya kama ruwan. Masu bincike suna son irin wannan abu saboda a jikin mutum sel ba a shimfiɗe yake a kan roba ba, a kewaye yake ta ko'ina. Tun a 1997 ɗakin binciken Mina Bissell da ke Berkeley a Amurka ya nuna cewa sel ɗin kansar mama da aka raina a cikin jel, aka toshe masa wani furotin guda na jikin fatarsa, ya dawo yana tsara kansa kusan kamar lafiyayye, abin da ba a iya gani a faranti. DNA kuma ya shigo wannan harka ne ba don gado ba, sai don yana da ladabi: zarensa jerin sinadarai huɗu ne da ake kira haruffa, kuma harafin A ba ya kama kowa sai T, G ba ya kama kowa sai C. Nadrian Seeman, wanda daga baya ya koma Jami'ar New York, shi ne ya fara kawo shawarar yin gini da shi a 1982. A 2006 ƙungiyar Dan Luo ta Jami'ar Cornell ta fitar da jel da aka yi da DNA zalla, daga rassa masu siffar X da Y da T, har ta rufe ƙwayoyin sel masu rai a ciki. Abin da kike yi jikan wannan aiki ne.

To, jel ɗinki na iya zama ruwa ta hanya biyu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ko dai mahaɗan sun saki da kansu, ko kuma wani abu ya cinye zaren. Kafin a yi zancen ƙarfafawa sai an san wanne ne.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Ki ɗauki ƙananan tub huɗu, ki sa ɗigon jel a kowanne, ba tare da sel ba. Na farko ki zuba masa bafa, wato ruwan gishirin da kika haɗa jel ɗin a ciki. Na biyu ruwan raino wanda ba a sa masa siram ba, wato ruwan jinin da aka cire wa ƙwayoyi, wanda ake ƙarawa don ciyar da sel. Na uku ruwan raino mai siram kashi 10 cikin 100, yadda kike amfani da shi. Na huɗu irin na uku, amma ki ƙara masa sinadarin EDTA. Duka a inkubeta a digiri 37. Idan na farko ma ya narke, zafi ne ya fi ƙarfin mahaɗanki. Idan na farko ya tsaya na biyu ya narke, gishiri ne matsalar. Idan na biyu ya tsaya na uku ya narke, siram ne ke cin zaren. Sannan ki tsotsi ruwan saman kowanne ki gudanar da shi a jel ɗin ilektroforesis, inda lantarki ke jera zaruruwan DNA gwargwadon tsawonsu. Zaren da ya saki kawai zai fito da layuka tsaf-tsaf a inda kike tsammani. Wanda aka daddatsa kuwa shafe zai fito, kamar an ja yatsa a kan tawada, ya gangara ƙasa. Tub na huɗu shaida ne: EDTA yana kwashe maganiziyam da kalsiyam ɗin da enzayim, wato furotin mai yanka DNA, ke bukata, don haka idan layuka suka tsira a can alhali sun shafe a na uku, an kama ɓarawo. Amma fa EDTA na gwaji ne kawai, kada ki kai shi kusa da sel ɗinki, zai ɓamɓare su.

Zatona ya fi karkata ga siram. Siram ɗin ɗan tayin saniya da ake zubawa a ruwan raino yana ɗauke da enzayim mai suna DNase I, wanda aikinsa a jini ke nan, share duk DNA da ya samu yana yawo a waje. Shi bai san bambancin DNA ɗin mataccen sel da wanda kika biya dala kika saya ba. Ɗalibai da yawa suna dogara da cewa ai siram ɗinsu an dumama shi a digiri 56 na minti 30. Wannan dumamawa don wasu furotin na garkuwar jiki ake yin ta, ba ta gama da wannan enzayim. In an kai zafin digiri 75 ana rage shi ƙwarai, amma a nan siram ɗin kansa ya fara lalacewa, sel ba za su ji daɗinsa ba.

Abin da ya fi sauƙi, idan irin sel ɗinki sun yarda, shi ne ruwan raino marar siram, ko a rage siram ɗin sosai. Akwai kuma furotin aktin, wanda tun a shekarun 1970 aka san yana manne wa DNase I ya hana shi aiki, ana iya ƙara shi a ruwan raino. Idan za ki sake odar zare nan gaba, ki nemi a sauya miki mahaɗin 'yan haruffan da ke bakin kowane zare zuwa fosforotayowet, wato a sa salfa a gurbin iskar oksijin guda. Yana rage wa masu ci daga baki ƙarfi, kuma ƙarin kuɗinsa bai kai ya kawo ba. Kada a yi wa zaren duka, domin yana rage ƙarfin kamun zare da zare, kuma yana sa shi manne wa furotin barkatai. Akwai wanda ya fi wannan, L-DNA, wanda yake juyin madubi ne na DNA ɗin da muka sani. Enzayim ba ya gane shi sam. Kuɗinsa ne dai ba na ɗalibi ba. Wani abu kuma da ake mantawa: ki gwada sel ɗinki ko suna ɗauke da maikofilasma. Wannan ƙaramar ƙwayar cuta ba ta gurɓata ruwan raino a gani da ido, amma tana fitar da nata enzayim masu yanka DNA. Za ki iya gyara komai, ita tana ƙasa tana ci.

Yanzu in matsalar mahaɗa ce. Abin da ke riƙe ragarki shi ne 'yan haruffan da suka zarce a bakin kowane reshe, waɗanda ke neman abokan kamunsu a bakin wani zaren. G da C suna riƙe juna da igiyar haidirojin uku, A da T da biyu. Baki mai haruffa huɗu ko biyar zai iya riƙewa a sanyin benci, ya saki da an kai digiri 37. Ki koma kan jerin haruffanki ki lissafa zafin narkewar bakin shi kaɗai, ba na zaren duka ba, kuma ki lissafa da gishirin ruwan raino. A nan mutane ke faɗuwa. Bafa da aka saba haɗa gine-ginen DNA a ciki yana da maganiziyam milimola 12.5, ruwan raino na DMEM kuwa nasa bai wuce 0.8 ba. Kashin bayan DNA cike yake da cajin nagatif, zare yana ture zare, gishirin nan ne ke shiga tsakani ya kwantar da rigimar. Da kin zuba ruwan raino a kan jel, maganiziyam ya fara sulalewa waje. Magani shi ne tsawaita bakin da ƙara masa G da C, ta yadda zai tsaya da ƙafarsa a gishirin da sel ke rayuwa a ciki.

Ki duba lissafin haɗi ma. Y yana da baki uku, mai sadawa yana da biyu, don haka Y biyu ne ke cinye masu sadawa uku. In masu sadawa suka yi yawa, kowane baki ya samu nasa shi kaɗai, babu wanda ya haɗu da wani, raga ta yage tun ba a fara ba. Kada ki yarda da adadin da ke rubuce a jikin kwalba, ki auna kowane zare da kanki a tsawon haske na nanomita 260.

Akwai kuma batun tsabtar zaren, wanda ba a cika gaya wa ɗalibai ba. Injin da ke ƙera DNA harafi ɗaya-ɗaya yake ɗorawa, kuma a kowane mataki yana ɗan kuskurewa. A ce yana cin nasara kashi 99 cikin 100 a kowane ɗori. Zare mai haruffa 40 yana bukatar ɗori 39, in kika yi lissafi za ki ga kusan kashi 68 ne kawai suke fitowa cikakku. Sauran gutsattsari ne, kuma tunda injin daga bakin zaren da ake kira 3' yake farawa ya nufi ɗaya bakin, wato 5', abin da ke ɓacewa shi ne bakin 5'. Idan a can kika ajiye bakin kamunki, kusan sulusin rassanki guragu ne. Odar da ta fi araha, wadda aka cire wa gishiri kawai, tana zuwa da guragun nan duka. Kuɗin da za a kashe a ninka yawa, gara a kashe shi a sayi rabin adadin wanda aka tace da HPLC ko PAGE, hanyoyin da ke ware cikakken zare daga gutsattsari. Sannan wajen haɗa Y ɗin, a kai shi digiri 95 na kamar minti biyar, a bar shi ya huce a hankali har ya sauko zafin ɗaki. Wanda ya tsoma shi a ƙanƙara don sauri, zaruruwa za su kama duk wanda suka fara cin karo da shi.

Hanyar da Luo ya bi ita ce ɗinke mahaɗan gaba ɗaya da enzayim T4 ligase, baki ya zama zare ɗaya, ba sauran saki da kamawa. Tana aiki, da sharaɗi biyu. Dole bakin 5' ya kasance da fosfet, zaren da aka yi oda kuwa ba ya zuwa da shi sai an nema, ko a ɗora masa da enzayim kinase. Kuma bafan ligase yana ɗauke da ATP, makamashin da enzayim ɗin ke aiki da shi, wanda ke lalacewa in ana daskarewa ana narkewa. Inda wuta ke ɗaukewa firiza ta saki cikin dare ta sake kamawa da safe, bafa na iya mutuwa ba wanda ya sani. Ki raba shi ƙanana-ƙanana ranar da ya iso, ki riƙa ɗaukar ɗaya ki yar da ragowarsa.

Duk wannan gyaran jel ɗin DNA zalla ne, kuma gaskiyar da zan gaya miki ita ce yana da iyaka. Faɗin zaren nanomita 2 ne, yana tsayawa a miƙe har kusan nanomita 50 kafin ya fara lanƙwasa, amma ragar da ake samu daga gare shi mai laushi ce, kuma kowane ƙarin tauri da kuɗi ake sayensa. A ganina hanyar da ta fi hankali ita ce a daina sa DNA ya zama gangar jikin jel ɗin. A samo folima, wato doguwar sarƙar sinadari, mai araha ta ɗauki nauyi, DNA ya tsaya a matsayin maɓalli kawai. Tunanin ba sabo ba ne. Nagahara da Matsuda a Japan sun rataya gajerun zaruruwa a jikin foli'akirilamaid tun 1996. A 2015 ƙungiyar Dongsheng Liu ta Jami'ar Tsinghua da ke Beijing, tare da abokan aiki a Jami'ar Heriot-Watt ta Edinburgh, sun yi amfani da sarƙar folifeftaid mai rassan DNA, jel ya kama cikin daƙiƙoƙi har aka buga shi da firinta mai gini hawa-hawa da sel a ciki. Wanda ya fi dacewa da aikinki shi ne na ƙungiyar Elisha Krieg a cibiyar binciken folima ta Leibniz da ke Dresden a Jamus, wanda suka fitar a 2023 da sunan DyNAtrix. Folima ce mai tsawon gaske, DNA ɗin da ke ciki kaɗan ne. Dabarar da ta fi burge ni a aikin ita ce ba maɓalli iri ɗaya suka sa ba, sun sa iri-iri masu yawa. Dalili: in maɓallan duk iri ɗaya ne, doguwar sarƙa takan lanƙwaso ta kama kanta, wannan mahaɗi kuwa an yi asararsa, bai riƙe kowa ba. In iri-iri ne, da wuya abokin kamun ya kasance a kusa a sarƙa ɗaya, dole ya nemi na wata. Suna kuma cakuɗa sel a sanyi, jel ɗin ya kama da an kai digiri 37, kuma sun raina sel masu tushe na mutum, wato masu iya rikiɗa su zama wasu irin sel, da ƙananan dunƙulen sel na mahaifa da na ƙodar kare a ciki.

Za ki ji ana maganar raga biyu a saƙe cikin juna, wadda Jian Ping Gong ta Jami'ar Hokkaido ta fito da ita a 2003: ɗaya mai tauri da ke karyewa ta shanye bugu, ɗaya mai miƙewa da ke riƙe jiki. Ana kwaikwayon wannan da DNA da aljinet, wani sinadari daga ciyawar teku, ko da jelatin. Ga ɗalibar da aljihunta ya yi sanyi, ƙaramin kaso na aljinet ko agaros mai narkewa a ƙaramin zafi, a cakuɗa da ragar DNA, na iya hana sel nutsewa ƙasa ko da DNA ɗin ya fara rauni.

Sai dai ki tsaya ki tambayi kanki nawa ne ƙarfin da kike nema. A 2006 Engler da Discher a Jami'ar Pennsylvania sun nuna cewa sel masu tushe na ɓargo suna karanta taurin abin da suke kai: a kan mai laushi, 0.1 zuwa 1 a ma'aunin tauri na kilofaskal, sun karkata zuwa sel na jijiyar ƙwaƙwalwa, a 8 zuwa 17 zuwa tsoka, a 25 zuwa 40 zuwa ƙashi. A 2016 Chaudhuri da Mooney a Harvard suka ƙara cewa ko tauri ɗaya ne, jel ɗin da ke sassautawa da sauri in an matsa shi yana barin sel su miƙe su hayayyafa fiye da wanda ya ƙi sassautawa. Sel ɗin da zai rabu biyu yana bukatar ya ture abin da ke gefensa. Idan kika ɗinke kowane mahaɗi da ligase, kin sami jel da zai kai mako, amma kina iya samun sel zagaye a daskare kamar an binne su. Naman mama mai laushi ne, ƙarin kansa ne ke taurara shi, don haka taurin jel ɗinki ɓangare ne na tambayar bincikenki, ba abin da za a ɗaga sama iya iyawa ba. Amfanin DNA a nan shi ne tsawon baki yana ba ki damar saita saurin saki da kamawa daban da yawan mahaɗai. Kuma kada ki manta sel ba ya iya riƙe DNA, ba shi da hannun kama shi. Sai kin rataya masa guntun feftaid RGD, haruffan amino uku da Pierschbacher da Ruoslahti suka gano a 1984 a jikin faibronektin, furotin da sel ke mannewa a jikinsa. In babu shi, ko jel bai narke ba sel ɗinki ba su da abin riƙewa.

Ki yi gwajin tub huɗun nan, ki kai wa malaminki hoton ilektroforesis ɗin. Da shi za ku yi maganar abin da za a saya.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne. Mun samu jel ɗin DNA ya tsaya, amma da muka sa rinin Hoechst don ganin cibiyar sel, allon gaba ɗaya ya zama shuɗi. Mun yi gwajin rayayye da matacce, komai ya fito ja kamar sel duk sun mutu. Rinin ne ya lalace?

Daga wani mai karatu, Kano

AMSA: Barka kadai, ɗan uwa. Rininku lafiyarsa ƙalau, aikinsa ya yi. Hoechst da DAPI suna shiga ƙaramin kwarin da ke jikin tagwayen zaren DNA, musamman inda A da T suka yi yawa, sai su haska. Ku kuwa kun kewaye sel da DNA ta ko'ina. Jan ma haka ne: a kayan gwajin rayayye da matacce, koren, wato kalsin, yana haskawa ne in sel mai rai ya sarrafa shi a cikinsa, shi ba ruwansa da jel. Jan kuwa, itidiyam ko furofidiyam, DNA yake nema. An ƙirƙire shi a kan cewa ba zai samu DNA ba sai a sel ɗin da fatarsa ta fashe. A wurinku tun kafin ya isa ga sel ya ƙoshi. Ku ƙirga masu kore ku kwatanta da jimillar sel da kuke gani a farin haske, ku bar jan.

Don ganin cibiya, hanya mafi tsabta ita ce sel ɗin da aka riga aka sa wa furotin mai haske a jikin histon H2B, furotin da DNA ke naɗe a kansa, cibiyar ta haska da kanta ba rini. In babu, ku rina sel da rinin fata ko na cikin ruwan sel kafin ku zuba su a jel, ku wanke sosai. Idan hoton ƙarshe ne ba na masu rai ba, ana iya kafe sel da farafomaldihaid, a lulluɓe da agaros don kowa ya tsaya inda yake, a sa DNase na ɗan lokaci ya cinye ragar, a wanke, sannan a huda fatar sel a yi rini. Tsarin nan yana da muhimmanci. In kuka huda fata kafin enzayim ya fita, zai shiga ya cinye cibiyar da kuke son gani.

Tunda kun ce jel ɗinku ya tsaya, ina so in san da me kuka tsayar da shi, domin abubuwa da yawa da ke ƙara ƙarfi suna kashe hoto. Jel ɗin da ake yi da enzayim phi29, wanda ke zagaya zoben DNA yana fitar da zare mai tsawon gaske, yana da araha kuma yana da juriya. Da shi ne ƙungiyar Luo ta yi jel ɗin nan na 2012 da ke malala kamar ruwa, a zuba masa ruwa ya koma siffar da aka zuba shi a ciki. Amma yayin aikin enzayim ɗin, gishirin maganiziyam fairofosfet yana taruwa ya zama farin gari a cikin jel, haske kuwa warwatsewa yake a kansa. Ƙananan ƙwayoyin zinari suna shanye koren haske a wajen nanomita 520, daidai inda rinin kore ke fitowa. Girafin oksaid duhu ne da shi, kuma yana kashe hasken rinin da ya kusance shi. Ɗinki da sinadarin soralin da hasken UV yana ƙarfafa zare sosai, sai dai soralin bai bambanta DNA ɗin jel da na sel ba, don haka ba a yin sa da sel a ciki.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu tasiri. Faranti mai gindin gilashi, kaurin milimita 0.17. Ruwan raino marar jan fenol lokacin ɗauka. Madubin maikuroskof da ake tsomawa a ruwa ya fi na mai, domin jel kusan ruwa ne, ma'aunin karkatar haskensa yana wajen 1.33, na mai kuwa 1.515, kuma wannan saɓani yana ƙaruwa da zurfi har hoto ya dusashe ya miƙe. Ku yi jel ɗin siriri. Maikuroskof ɗin konfokal na yau da kullum ba ya ratsa dunƙulen sel fiye da maikuromita 100 zuwa 200, kuma kusan nan ne iyakar da oksijin ke kaiwa, don haka tsakiyar babban dunƙule ko ba a gani ko ya mutu. Masu hali suna amfani da na'urar foton biyu, wadda Denk da Strickler da Webb suka ƙera a Cornell a 1990, ko ta shimfiɗar haske da Huisken da Stelzer suka fitar a Heidelberg a 2004.

Wani abu da za ku iya cin riba da shi: tunda ragar DNA ce, kuna iya rataya rini a zare ɗaya cikin ɗari ku ga ragar kanta tana motsi in sel ya ja ta. Ɗakin binciken Khalid Salaita a Jami'ar Emory ya ƙera zaruruwa masu lanƙwasa da ke buɗewa su haska idan sel ya ja su da ƙarfin 'yan fikoniyutan kaɗan.

TAMBAYA: Malam, ni ba ɗan kimiyya ba ne, amma ina bin filin nan. DNA ɗin wa ake ɗiba a yi wannan abu? Kuma ba zai shiga sel ya sauya masa halitta ba?

Daga wani dattijo, Maraɗi

AMSA: Allah ya ƙara girma, Baba. Ba na kowa ba ne. Yawancinsa inji ne ke ƙera shi daga sinadarai, ta hanyar da Marvin Caruthers ya samar a Jami'ar Colorado a farkon shekarun 1980. Mai bincike ya rubuta jerin haruffa 20 ko 40 a kwamfuta, kamfani ya aiko masa da busasshen abu a gindin kwalba wanda da ƙyar ido ke gani. Jerin nan ba ya ɗauke da umarnin ƙera wani furotin, an zaɓe shi ne don ya kama abokinsa kawai. Masu neman mai yawa da araha suna amfani da wanda ake tacewa daga maniyyin kifin salmon, wanda masana'antar kifi ke samarwa da yawa, amma shi ba a iya tsara haruffansa.

Sauya halittar sel ba abu ne mai sauƙi ba. Masu yin sa da gangan ma sai sun nemi abin da zai ratsa da DNA ta fatar sel, su kai shi cibiya. Guntun zaren da sel ya haɗiye yawanci narkar da shi yake yi. Abin da masu bincike suka fi damuwa da shi daban ne: wasu sel suna da masu gadi da ke ɗaukar baƙon DNA a matsayin alamar cuta. Akwai TLR9 da ke jin ƙanshin jerin C da G irin na bakteriya, akwai kuma cGAS da Zhijian Chen ya gano a Dallas a 2013, wanda ke tada ƙararrawa in ya ga DNA a cikin ruwan sel. Shi ya sa mai tsara jel yake guje wa irin waɗannan jeri, yake kuma auna ko sel ɗinsa sun harzuƙa.

Dalilin wannan wahala kuwa, abin da aka fi amfani da shi har yau, Matrigel, daga wani ƙarin kansa na ɓera ake tatso shi. Da shi Sato da Clevers suka raina ƙaramin hanji na farko a Utrecht ta ƙasar Holan a 2009, kuma yana aiki sosai. Matsalarsa ita ce cakuɗa ce ta furotin masu ɗimbin yawa, kwalbar bana ba lallai ta zo daidai da ta bara ba, kuma ba a iya saita taurinsa yadda ake so. A Disambar 2022 Amurka ta yi dokar da ta cire tilascin gwada kowane sabon magani a jikin dabba kafin a kai ga mutum, ta buɗe ƙofa ga gwaji a kan irin waɗannan dunƙulen sel. Hukumar da za ta karɓi sakamakon irin wannan gwaji za ta so ta san abin da aka raina sel ɗin a ciki dalla-dalla, kuma jel ɗin da aka rubuta haruffansa a kwamfuta ana iya sake yin irinsa a kowane ɗakin gwaji.